Tambaya da Amsa: Ashe Dutsen Bazalt Ma Yana Fashewa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a wata makarantar sakandare a nan Damagaram. A darasin labarin ƙasa an koya mana cewa duwatsu masu aman wuta da ke fitar da baƙin dutsen da ake kira bazalt ba sa fashewa, narkakken dutsen malala kawai yake yi a hankali kamar na tsibirin Hawai. Amma na ji cewa wani irinsu ya hallaka jama'a a Gwatemala a 2018. Wanne ne gaskiya? Kuma duwatsun nan da ke cikin Birni, suna iya yin aman wuta wata rana?
Daga wani ɗalibi, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da malaminku ya faɗa shi ne abin da ya fi yawan faruwa, sai dai ba doka ba ce da ba ta karyewa, kuma mutanen da ke zaune a gindin irin waɗannan duwatsu sun sha cutuwa saboda sakankancewa da ita.

Narkakken bazalt yana fitowa da zafin da ya kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas, kuma sinadarin silika da ke cikinsa, wanda shi ke sa narkakken dutse ya yi kauri, bai wuce kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari ba, shi ya sa yake da ruwa-ruwa. A can ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da tururin ruwa da iskar kabon da ta farar wuta, duk a narke cikinsa saboda nauyin da ke danne shi. Idan ya taso sannu a hankali, iskar tana samun hanyar sulalewa, sai ya fito yana malala. Ka lura da tukunyar tuwo: muddin talge bai yi kauri ba, kumfa yana fita salin-alin, amma da zarar an zuba gari ya yi kauri, sai ya riƙa tsartuwa yana ƙona hannun mai tuƙi.

Abin da ke sauya al'amarin shi ne sauri. Idan narkakken dutsen ya yunƙuro da gaggawa, iskar ba ta samun sararin rabuwa da shi, kuma yayin da tururin ruwa ke barinsa sai ƙananan ƙwayoyin dutse su daskare a cikinsa cikin ɗan lokaci kaɗan, su mai da shi mai kauri tun bai iso baki ba. Daga nan sai ya tarwatse ya zama toka da tsakuwa, ya tashi sama tsawon kilomitoci masu yawa. Hanya ta biyu ita ce haɗuwa da ruwa, na tafki ko na ƙarƙashin ƙasa, wanda yake komawa tururi nan take ya fasa duk abin da ke kansa.

Tarihi ya adana misalai. A shekara ta 122 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dutsen Etna na Italiya ya zubo wa birnin Kataniya tokar da ta rusa rufin gidaje, har hukumar Rum ta yafe wa mutanen garin haraji na shekara 10. A ranar 10 ga Yuni 1886, dutsen Tarawera na ƙasar Niyu Zilan ya tsage tsawon kimanin kilomita 17 cikin dare, bayan girgizar ƙasa ta ƴan sa'o'i kacal, ya binne ƙauyuka, mutum kimanin 120 suka rasu. Wannan ƙarancin gargaɗi, a ganina, shi ne mafi munin haɗarin, domin bazalt yana tafiya da sauri a ƙarƙashin ƙasa, bai cika ba mutane lokacin tattara kaya ba. Hawai ɗin ma da ake misali da ita ba ta tsira ba, don a 1790 fashewar dutsen Kilawiya ta kashe ayarin mayaƙa da iyalansu da ke wucewa kusa da bakinsa.

Wanda ka ji labarinsa shi ne dutsen Fuwego. A ranar 3 ga Yuni 2018 ya sako gajimaren toka da iska mai tsananin zafi, wanda ya gangaro ta kwazazzabai da gudun da ba mai tsere masa da ƙafa, ya rufe wani ƙauye, kimanin mutum 200 suka rasu, wasu da dama kuma ba a sake ganinsu ba. Narkakken dutse mai malala yana cin gida da gona, amma galibi mutum yana iya kauce masa. Wannan gajimare kuwa da wuya ya bar wanda ya riska da rai.

Game da duwatsun Birni, kwantar da hankalinka. Dutsen giranit ne, wanda ya huce a ƙarƙashin ƙasa tun shekaru miliyoyi masu yawa da suka wuce, daga baya ruwa da iska suka zaizaye abin da ke rufe da shi, suka bar mana curin da muke gani. Ba wuta a ƙarƙashinsa. Wanda yake son ganin bazalt na gaske sai ya nufi duwatsun Ayar a jihar Agadas, ko tudun Biu a Najeriya, ko Tibesti a Cadi. Mai rai mafi kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000. A Kamarun ne kuma tafkin Nyos yake, a cikin ramin da tsohuwar fashewar bazalt ta haƙa, inda a daren 21 ga Agusta 1986 iskar kabon da ta taru a ƙasan ruwan ta ɓalle, ta shaƙe mutum fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Tun 2001 aka fara kafa bututu a tafkin domin zuƙe iskar kaɗan-kaɗan.