Kansar hanji ta bayyana a huhu: tiyata za ta yi amfani?

Tambaya: Likita, shekara uku ke nan da aka yi wa mahaifinmu tiyatar kansar babban hanji. Yanzu hoton CT ya nuna ƙari biyu a huhunsa na dama, ana maganar a cire. Ciwon da ya riga ya bazu, yanka zai yi masa wani amfani? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Tiyatar tana amfani, amma ba ga kowa ba. Sai in asalin ciwon bai dawo a hanji ba, bai kama wasu sassan jiki ba, ana iya cire ƙarin duka, kuma huhun da zai rage zai ishe shi numfashi. Don haka za a sake ɗaukar hoton ciki, a kuma sa shi ya hura iska cikin na'urar awon numfashi. A tabbatar kuma ba tarin fuka ba ne, domin a ƙasarmu yakan bar tabo mai kama da ƙari.

Ba huhun gaba ɗaya ake cirewa ba. In ƙarin yana gefe, akan yanke shi tare da kimanin santimita ɗaya na lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. In ya nutse ciki kusa da manyan jijiyoyi, sai a cire ɓangare guda cikin ukun da huhun dama yake da su. Ana shiga da kyamara ta 'yan ƙananan ramuka tsakanin haƙarƙari, ko a buɗe ƙirji, inda likita zai lallaba huhun da yatsa ya gano ƙananan da hoto bai nuna ba.

Cirewa tas ita ce magana. Wani nazari na 1997 a kan majinyata 5,206 masu kansa iri-iri da ta bazu zuwa huhu ya nuna kashi 36 cikin ɗari na waɗanda aka cire musu duka sun kai shekara biyar a raye bayan aikin, waɗanda aka bar musu saura kuwa kashi 13. Duk da haka ciwon yana iya dawowa, don haka ba a daina zuwa hoto.

Bayan aiki zai tashi da roba a gefen ƙirji mai fitar da iska da ruwa, kwana biyu zuwa huɗu galibi. Wani lokaci ɗinkin huhun ya yi ta yoyon iska, robar ta daɗe. Abin da ya fi damunmu shi ne majinyaci ya ƙi yin tari saboda zafi, majina ta taru ta zama nimoniya. Ku ba shi matashi ya rungume a ƙirji in zai yi tari, ku tashe shi tafiya tun washegari. In yana shan taba, ya bari aƙalla mako huɗu kafin ranar aiki.