Na'urar da ke isar da taɓawa ga ƙawar da ke nesa

'Yar'uwa, kin tambaya ko akwai na'urar da za ta sa ƙawarki da ta tafi karatu Malesiya ta ji kamar kin riƙe mata hannu. Akwai, kuma an jima ana aikin.

Tun 1997 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka ƙera inTouch: sanduna 3 na katako a nan, 3 a can. In kika murza naki da tafin hannu, nata su juya, in ta riƙe nata gam, ke ma ki ji naki sun cije. Wannan ya fi burge ni, domin hannu biyu ne ke magana lokaci guda. Sai rigar Hug Shirt ta kamfanin CuteCircuit, wadda mujallar Time ta sa cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren 2006, mai aika runguma ta wayar salula.

Isar da ɗumin hannu ne mai wuya. Ɗumama fata na shan batir, ga jinkirin hucewa, shi ya sa yawancin na kasuwa girgiza kawai suke yi. Ki nemi munduwar Bond Touch, guda biyu ake sayarwa: in kika taɓa taki, tata ta yi girgiza. Ku tsara alamarku tun kafin ki aika mata: taɓawa biyu, "kina raina".