An yafe mana rabin kuɗin makaranta, mu karɓa ko mu bari?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ɗiyata ta ci JAMB da maki mai kyau, to wata jami'a mai zaman kanta a Abuja ta ce ta ba ta sikolashif, wai miliyan 4 ne a shekara amma mu biya miliyan 2. Ga shi kuma ta samu admishan a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Babanta ya ce alheri ne kar a yi wasa da shi, ni ko gabana sai faɗuwa yake. Mi za mu yi? Daga wata uwa a Ƙauran Namoda.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yarinya albarka.

Gaskiya faɗuwar gaban nan taki tana kan hanya. Ku daina kallon abin da aka yafe, ku kalli abin da zai fita daga aljihun Alhaji. Miliyan 2 sau shekara 4 miliyan 8 ke nan, in kuma kwas ɗin na shekara 5 ne kamar lauya ko injiniya to 10, kuma wannan in ba su ƙara kuɗi ba, su ko makarantun nan ƙari ba ya musu wuya.

Ki sa a turo muku sharuɗɗan a rubuce, ba a waya ba. Rangwamen na shekarar farko ne kawai ko har ta gama? Sau da yawa ana ɗaure shi da CGPA, wato matsakaicin makin da ɗalibi ya tara a jami'a, yarinya ta yi rashin lafiya samista ɗaya makinta ya sauka shi ke nan an janye, ku kuma a lokacin tana aji 2 ba ku iya cire ta ba ku iya biya, a nan ne ake fara sayar da gona. Sannan rabin me aka yafe? Galibi kuɗin karatu ne zalla, hostel da abinci da kuɗin karɓar admishan suna nan daram, ga kuɗin mota daga Ƙaura zuwa Abuja duk hutu, da hanyar nan yadda take.

A Gusau kuwa akwai NELFUND, asusun lamunin ɗalibai da ya fara aiki a 2024. Yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, ya ƙara masa naira 20,000 a wata, ba ruwa a kai, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne fa ba kyauta ba, amma ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ake ba, wanda ke makarantar kuɗi ba ya ciki.

Ba na ce ta Abuja ba ta da amfani ba, babu ruwansu da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, wanda a 2022 ya cinye wa yara wata 8. In Alhaji zai iya biyan miliyan 4 ɗin cif ko da an janye rangwamen, bismillah. In kuwa sai da rangwamen lissafin ke tsayawa, ni dai Gusau zan kai ta, mai irin wannan kai tana iya neman tallafin gidauniyar MTN ko na hukumar sikolashif ta tarayya daga can.