SMTP, POP3 ko IMAP: Wacce Ta Dace da Manhajar da Nake Ginawa?

Tambaya: Ina gina manhajar da za ta riƙa tura wa abokan ciniki rasit ta imel, kuma ina son ta riƙa karanta amsoshin da suke maidowa. Tsakanin SMTP da POP3 da IMAP, wacce ya kamata in ɗauka?

Amsa: Malam, duka ukun ƙa'idoji ne da kwamfutoci ke bi wajen musayar imel, kuma biyu za ka ɗauka, domin ba aiki ɗaya suke yi ba. SMTP, wadda Jon Postel ya fitar da ƙa'idojinta a 1982, aikawa kawai ta sani: tana karɓar saƙo daga manhajarka ta miƙa shi daga wannan sabar (kwamfutar da ke kula da akwatunan imel) zuwa waccan har ya isa akwatin mai karɓa, amma ba ta da wani umarni na buɗe akwati a karanta abin da ke ciki. Saboda haka, wajen tura rasit ba ta da kishiya. Ka yi amfani da ƙofa (port, wato mashigar da manhaja ke bi ta haɗu da sabar) mai lamba 587 ko 465, waɗanda aka ware wa manhajoji masu shiga da suna da izini, ka bar ƙofa ta 25 ga sabobin da ke musayar saƙo a tsakaninsu, musamman da yake kamfanoni irin su Google Cloud suna toshe ta don daƙile saƙonnin banza. Haka nan, tun daga Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo sun tsaurara sharuɗɗa kan SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙo daga mai aikawa na gaskiya ya fito, kuma rasit ɗin da ba a tantance shi da su ba yana iya ƙarewa a kwandon shara.

Inda zaɓi yake shi ne wajen karɓa. POP3, ta ƙofa ta 995, tana sauke saƙonni daga akwati guda ɗaya, ba ta san rarraba saƙonni cikin folda-folda ba, kuma ba ta ajiye alamar cewa an karanta saƙo. IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a Jami'ar Stanford a 1986, tana barin komai a kan sabar, ta yadda manhajarka da ma'aikacin da ke duba akwatin a wayarsa za su ga abu iri ɗaya. Ita nake ba ka shawara, ta ƙofa ta 993, tare da umarnin IDLE, wanda ke sa sabar ta sanar da kai da zarar sabon saƙo ya shigo maimakon ka riƙa leƙawa kowane minti.

Sai dai akwai tarko a IMAP da ke kama masu shirya manhaja da yawa. Kowane saƙo yana da lambar jeri da kuma lambar UID, wato lambar shaidarsa wadda ba ta canzawa idan an goge wani saƙo. Idan saƙonni goma ne a akwati aka goge na uku, na huɗu zai koma na uku nan take, don haka wanda ya adana lambar jeri a rumbun bayanansa zai wayi gari yana haɗa amsar wani da rasit ɗin wani. UID za ka adana, tare da UIDVALIDITY na akwatin, wato lambar da ke nuna cewa lambobin UID ɗinsa suna nan daram, kuma duk ranar da wannan ta biyun ta canza, sai ka watsar da tsofaffin lambobin ka sake ɗauko su daga farko.

Game da shiga akwati, Microsoft ta fara rufe shiga da kalmar sirri kaɗai ga POP da IMAP a Exchange Online, wato tsarinta na imel na kamfanoni, a Oktoban 2022, don haka ka gina manhajar a kan OAuth 2.0, wato tsarin shiga da alamar izini maimakon kalmar sirri, tun daga tushe.