Lasisin haƙo ma'adinai a ƙasan teku: Alhaji, dakata da cikon kuɗin

Alhaji barka da kasuwa, na ga saƙonka. Ka ce wani yaro ya same ka a shago a Kantin Kwari da takarda mai tambarin zinare, wai kamfaninsu na da lasisin haƙo ma'adinai a ƙasan teku, ka riga ka tura miliyan 3, yanzu suna ta bugo waya a kan ciko.

Ka tambaye shi, wane ruwa ne? In namu ne, sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinai har na cikin teku, lasisi kuma ofishin kadasta na Abuja (ofishin rajistar lasisin ma'adinai) ke bayarwa a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, sannan sai an auna illar aikin ga muhalli bisa dokar 1992. Duk wannan akwai lamba, ya ba ka.

In kuma ya ce can tsakiyar teku ne inda ba na kowa ba, to nan ne gizo ke saƙa. Hukumar ISA, wato hukumar duniya mai kula da ma'adinan ƙasan teku, da ke Kingston a Jamaika ce ke da iko, kuma abin da take bayarwa kwantiragin bincike ne na shekara 15, kuɗin neman kaɗai dala 500,000, kuma sai wata ƙasa ta tsaya maka. Izinin haƙa a sayar kam ba ta ba kowa ba, ana ta ja-in-ja kan dokokin muhalli saboda lakar da injinan ke tayarwa tana binne halittun wajen. To ribar da ya ce za ka riƙa gani duk wata daga ina za ta fito? Ko kamfanin Nautilus da ya samu lasisi na gaske a Papua New Guinea, durƙushewa ya yi a 2019 bai sayar da ko tsakuwa ba.

Kar ka ƙara ko kwabo. A duba rajistarsu a CAC, a duba ko SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ta yarda su karɓi jarin jama'a. Lauyanka ya rubuta musu su dawo da kuɗi cikin kwana 14, in suka yi shiru sai ƙorafi EFCC, ka kuma shigar da ƙarar neman kuɗinka a kotu. Sai dai fa in kamfanin na gaske ne kuma ka sa hannu a matsayin mai hannun jari, ƙwato kuɗin zai yi wuya sai ka nuna ƙarya suka yi maka kan lasisin, shi ya sa kar ka goge hirarku ta WhatsApp, kuma ka adana rasidin banki.