Kayan wutar Amurka a soket ɗin Kano: yi lissafi kafin ka cika kwantena

Wani ɗan'uwa mai tuƙin tasi a Bronx ta birnin New York ya aiko da tambaya. Ƙanwarsa za ta yi aure a Kano, ya saya mata dutsen guga, bilenda, firji da talabijin, zai zuba a kwantena. Abokan zamansa sun ce adafta kawai za a nema idan kayan sun isa. Yana son sanin ko haka ne.

Malam, Allah ya sanya alheri a bikin. Amma maganar adafta ba haka take ba. Adafta bakin filogi kaɗai take sauyawa don ya shiga soket, ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya kuwa 230, kusan ninki biyu.

Juya dutsen gugar ka karanta rubutun da ke jikinsa. A ce an rubuta bolt 120, wat 1,200. Ƙa'ida biyu ce ke aiki. Wat, ma'aunin wutar da kaya ke ci, shi ne bolt sau amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya. Turjiyar da waya ke yi wa wuta kuma, wadda ake aunawa da om, ita ce bolt raba amfiya. To raba 1,200 da 120, ka ga dutsen yana jan amfiya 10. Raba 120 da 10, turjiyarsa om 12 ke nan.

Om 12 ɗin nan a jikin wayar da ke ɗaukar zafi take, ba ta san an tsallaka teku ba. Ranar da amarya ta jona shi a Kano, 230 raba 12 zai ba da amfiya 19 da ɗoriya. Ninka wannan da 230, wat kusan 4,400 ya fito, a wayar da aka ƙera don 1,200. Mutane kan zaci ninki biyu na bolt zai kawo ninki biyu na zafi. Kusan ninki huɗu ne, domin bolt da amfiya tare suke hawa. Idan an yi sa'a, fis mai amfiya 13 da ke cikin filogi mai baki uku ya yanke. Sai dai adaftar kasuwa mai arha galibi ba fis a cikinta, don haka abin da za a ji shi ne ƙauri, sai hayaƙi.

Idan rubutun ya goge, mai gyaran wuta zai iya ganewa da mitarsa. A zare dutsen daga wuta, a murɗa makunninsa zuwa ƙarshe, a ɗora bakin mitar biyu a ƙafafun filogi. Ya nuna wajen om 12, na Amurka ne. Dutse mai wat 1,200 da aka yi don bolt 230 wajen om 44 zai nuna. Wannan gwaji na kayan zafi ne kawai, irin su hita da butar lantarki, ba ya aiki a kan abu mai mota, wato injin da ke juyawa a cikinsa.

Mafita ita ce taransifoma mai sauko da wuta daga 230 zuwa 110 ko 120, kuma a saye ta da rara: dutse mai wat 1,200 yana son mai 1,500 ko fiye. Irin wannan tana da nauyi, ga tsada. A gaskiya kuɗinta ya isa a sayi sabon dutsen guga mai kyau a kasuwar Sabon Gari har a yi canji. Mayar da naka kanti tun rasit yana hannu.

Firji ya fi damuwa. Wutar Amurka hez 60 take kaɗawa, wato sau 60 a daƙiƙa, tamu 50, kuma taransifoma ba ta gyara wannan. Motar da aka yi don 60 za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ta riƙa zafi, balle a watan Afrilu na Kano. Sannan lokacin tashi kwamfuresa, injin da ke sanyaya firji, kan fizgi wuta ninkin abin da aka rubuta sau da yawa, ƙaramar taransifoma ba ta ɗauka. Bar firjin. Bilenda za ta iya yi da taransifoma tunda mintuna kaɗan take aiki, amma ranar da wata baƙuwa ta jona ta kai tsaye, shi ke nan.

Talabijin kuwa duba bayansa. In ka ga 100 zuwa 240, da 50/60, kamar yadda ake rubutawa a cajar waya da ta kwamfuta, adafta ta wadatar ta fuskar wuta. In 120 kaɗai aka rubuta, shi ma sai da taransifoma, amma ƙarama, don da wuya ya wuce wat 150.

'Yan'uwa na Ingila da Jamus ba su da wannan matsala, wutarsu 230 ce da hez 50. Na Saudiyya su duba hez, can 60 ne. Mai aikawa Maraɗi ko Damagaram lissafin ɗaya ne, soket ɗin ne kawai mai rami biyu zagayayyu irin na Faransa.