Kafin ka biya kuɗin VPN, daga wa kake son ɓuya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Abokina ya dame ni da in riƙa biyan kuɗin VPN duk wata, wai da zarar na kunna shi babu mai sake ganin abin da nake yi a intanet, ko kamfanin sadarwa ko hukuma. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. VPN manhaja ce da ke kulle bayananka, ta bi da su ta injin wani kamfani, sau da yawa a wata ƙasa, kafin su isa shafin da kake nema. Abokin naka ya faɗi rabin gaskiya, kuma a kan ragowar rabin ne mutane ke asarar kuɗinsu. Duba saman burauzarka yanzu. Idan adireshin shafin ya fara da https, duk abin da ke tsakaninka da shafin nan an riga an kulle shi: kalmar sirrinka, lambar katinka, saƙon da ka rubuta. Yawancin manyan shafuka haka suke a yau, kuma ba ka biya ko sisi ba.

Sai dai kullewar kamar wasiƙa ce a ambulan. Ɗan aike ba zai karanta abin da ke ciki ba, amma yana ganin gidan da aka aika, da lokacin, da nauyinta. Kamfanin sadarwarka ya san ka shiga shafin wani asibiti da ƙarfe 2 na dare, ka daɗe a ciki, ka koma washegari. Bai ga tambayar da ka yi ba, amma ai ya fahimci wani abu. Kada ka raina irin waɗannan bayanan. Takardun da Edward Snowden, wanda ya taɓa yi wa hukumomin leƙen asirin Amurka aiki, ya fallasa a 2013 sun nuna hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, tana tara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane, wa ya kira wa, yaushe, minti nawa, ba tare da ta saurari maganar ba.

A nan VPN ke da amfani. Yana saka ambulan ɗinka cikin wani ambulan, sai kamfanin sadarwa ya ga kawai kana magana da kamfanin VPN. Amma ka lura da abin da ya faru: duk abin da kamfanin sadarwa yake gani da, yanzu mai VPN ne ke ganinsa. Amanar ce ka ɗauke daga hannu ɗaya ka damƙa a wani. Kuma idan ka shiga Facebook ko Google da asusunka, sun san kai ne, ko ta wace ƙasa ka ɓullo.

Shawarata, in kana yawan amfani da waifai na otal ko filin jirgi, ko kuma ba ka son kamfanin sadarwa ya san shafukan da kake ziyarta, saya. Nemi wanda masu bincike daga waje suka tantance cewa ba ya ajiye tarihin masu amfani da shi, kuma ka fara da wata ɗaya kafin ka ɗaure kanka da shekara. In kuwa hukuma kake tsoro saboda aikinka, VPN kaɗai ba zai fisshe ka ba.

Tambaya: Akwai VPN na kyauta birjik a waya. Me zai sa in biya?

Amsa: Banza ba ta kai zomo kasuwa. Injinan da ke ɗaukar bayananka kuɗi suke ci, dole wani ya biya. Facebook ya taɓa raba VPN kyauta mai suna Onavo, yana amfani da shi wajen sanin manhajojin da mutane ke buɗewa, har aka cire shi daga shagon Apple a 2018. Wanda ya saka irin wannan don ɓuya ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Akwai 'yan kamfanoni masu mutunci da ke ba da ɗan kaso kyauta, masu biya ne ke ɗaukar nauyinsa. Wanda ba ka san inda yake samun kuɗi ba, goge shi.

Tambaya: Ni mace ce, ina zargin wani na kusa da ni yana karanta saƙonnina na WhatsApp. Ba an ce a kulle suke ba? Ko in koma Telegram?

Amsa: 'Yar'uwa, tambayarki ta fi damuna. Gaskiya ne tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga wayarki har wayar wanda kika aika wa, kamfanin ma ba ya iya karantawa a hanya. Amma saƙo yana buɗewa ne a fuskar waya, kuma a nan ake cin amanar yawancin mutane. Wanda ya riƙe wayarki minti biyu a buɗe zai iya haɗa asusunki da kwamfutarsa, ya zauna yana karanta komai yana shigowa.

Yau ɗin nan ki shiga saitin WhatsApp, wurin na'urorin da aka haɗa, ki fitar da duk wadda ba ki sani ba. Ki canza lambar buɗe wayar, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri ta asusunki na WhatsApp, ki kuma kunna kulle ajiyar saƙonni idan kina adana su a Google ko iCloud. Ki duba jerin manhajoji, ko akwai wadda ba ke kika saka ba. Idan kina jin wanda kike zargi zai iya cutar da ke in ya gane kin rufe masa hanya, ki fara sanar da wani babba da kika yarda da shi kafin ki taɓa komai.

Telegram kuwa ba zai ƙara miki sirri ba. Hirarsa ta yau da kullum da ta rukuni tana ajiye a injinan kamfanin, sai kin buɗe hirar sirri da kanki, ita ma tsakanin mutum biyu kawai. In kina son canji, dandalin saƙonni na Signal ya fi, domin bayanan da yake ajiyewa game da masu amfani da shi kaɗan ne ƙwarai, kuma kyauta ne.